Shuɗin Ragon Malama Zulaihatu

Duk wanda ya gaya muku Bobboyi likitan dabbobi ne, ku tambaye shi makarantar da ta yaye shi. Abin da aka sani, kuma akwai shaidu, shi ne ya yi wata tara yana buɗe ƙofa da rufewa a wani asibitin dabbobi a Jimeta. Da aikin ya ƙare, ya dawo unguwar Wuro Hausa ta cikin Yola da wata tsohuwar farar riga da wani likita ya yar, ya soka biro biyu a aljihunta, ya ce daga yau a kira shi Dokta. Mutane suka kira shi, tunda kira ba ya rage wa kowa tuwo.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, wato Malama Zulaihatu, wadda ta yi shekara talatin da biyar da alli a hannu kafin ta yi ritaya. Ita ta koyar da shi a aji shida, kuma ba ta manta ranar jarrabawar shiga sakandare ba. Minti ashirin da farawa Bobboyi ya fito yana buga ƙirji, wai ya riga kowa gamawa. Tambaya goma ce a gaban takardar, talatin a bayanta. Bai juya ba.

Malama tana da rago. Shekara goma sha ɗaya ɗanta Umair da matarsa suna jiran haihuwa, ita kuwa ta sayi ɗan rago fari ta ɗaure a gindin darbejiya, ta ce na sunan jikanta ne, duk ranar da Allah ya kawo. Ta raɗa masa Monita, don shi ke tsawata wa kajin gidan. Ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe huɗu na yamma takan kaɗa ƙararrawar da makaranta ta ba ta ranar ritaya, ya zo ya tsaya a gabanta, sannan ta zuba masa dusa. Shekara biyu ke nan bai taɓa makara ba. Ranar Asabar aka haifi jikar, mace. Suna sai Asabar mai zuwa.

A shekarar nan, bayan masu gudun hijira daga Michika da Madagali sun cika gari da abin da suka iya korowa, ga kuma fatake suna shigo da ragunan Sallah daga ko'ina, sai wani ciwon majina da gudawa ya shiga awaki da tumaki. Babbar Sallah saura kwana ashirin da biyar, kusan kowane gida da farin rago a ɗaure. Ranar Litinin ofishin likitan dabbobi ya aiko wa Jauro, mai unguwa, da takardar sanarwa. Bobboyi ya tare masinja a bakin masallaci.

“Kawo nan, harkarmu ce ta likitoci.”

Ya sa aka dama masa koko mai kauri, ya shafe bayan takardar tas, ya manna ta a bangon zaurensa, ya bi ta da tafin hannu har sau uku. Sannan ya tara mutane ya karanta musu. Ranar Laraba da ƙarfe biyu jami'ai za su zo yin allurar rigakafi. Duk dabbar da aka yi wa za a sa mata shuɗin tambari a kunne. Wanda ya ɓoye dabba, doka za ta hau kansa.

Malama ta gyara tabarau ta matso kusa da bangon.

“Bobboyi, ina sa hannu?”

“Dokta dai, Malama.”

“Bobboyi. Takardar gwamnati ba ta ƙarewa babu sa hannu da hatimi. Ina suke?”

“Ai zamani ya wuce nan, Malama. Yanzu kwamfuta ke yi. Ku lokacinku na allo ne da tsumma.”

Aka yi dariya. Dariyar ta ƙara masa iska, ya hau kan dakali.

“Jama'a, waɗannan jami'an duk yarana ne, tare muka yi aiki. Don me za mu wahalar da su suna bin gida gida kamar masu tallan manja? Kowa ya kawo dabbarsa gidana. Ni zan shirya komai. In sun zo, minti goma sun gama. Wallahi sai an faɗi sunan Wuro Hausa a rediyo!”

“Sunan Wuro Hausa ko naka?” in ji Alhaji Suhaib mai shagon hatsi.

“Alhaji, in an ce miya ta yi daɗi, ai da gishiri ake.”

“Ragona ba ya zuwa ko'ina,” in ji Malama. Ta juya ta tafi.

Ranar Laraba da safe ta shiga kasuwar Jimeta sayen goro da alewa da robobin rabon suna. Makullin gida ta bar wa Gogo, yayar marigayi mijinta, tsohuwa mai kirki wadda ba abin da take tsoro a duniya kamar farar riga da kalmar gwamnati. Sai da Malama ta maimaita mata sau uku cewa ko Jauro ne ya zo da kansa, kada a kwance Monita.

Wajen sha biyu saura ta isa shagon Callistus, mai sayar da robobi da zare da rini.

“Mama Ticha! Barka, barka, na ji an samu bebi. Ya jiki na mai jego?”

“Da sauƙi, Callistus. Ba ni roba hamsin, masu murfi, kuma kar ka sa mini fasasshe a tsakiya.”

“Haba Mama, ni? Wallahi unguwanku ya kawo mini kasuwa wannan sati. Dokta naku ya kwashe shuɗin rini na duka jiya. Gwangwani goma sha biyu.”

Malama ta daina ƙirga robobi.

“Wane Dokta?”

“Mai biro biyu. Na ce masa, Oga, wannan na yadi ne fa, in ya kama ba ya fita sai Allah. Ya ce yauwa, irin shi yake nema. Na ce riga nawa za ka rina? Ya ce ba riga ba ne, rago ne. Na ɗauka wasa yake yi.”

Ko robobin ba ta ɗauka ba. Ta tare keke, ta ce da direba cikin Yola, kuma in ya tsaya ɗaukar wani fasinja a hanya sai ta ja kunnensa kamar ɗan aji biyu.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ta sauka. Gindin darbejiya ba kowa, sai igiya. Gogo tana zaune a ƙofa tana jan carbi da sauri.

“Gogo, ina Monita?”

“Zulai, kar ki yi mini faɗa. Ya zo da riganshi na asibiti, ya ce gomnati ya ce wanda ya ɓoye rago wata shida a gidan yari. Ni da ciwon gwiwa, ina zan iya wata shida?”

Tun daga kan kwana Malama ta ga hayaƙi a ƙofar gidan Bobboyi. Abin da ke ci a wutar ya sa ta tsaya cak. A Wuro Hausa kowa da yadda yake gane dabbarsa: wannan jan zare a wuya, wancan ƙyallen atamfa a ƙafa, wata kuma igiyar da ta tufka da hannunta. Bobboyi ya bi su da almakashi ɗaya bayan ɗaya, ya tara, ya cinna musu ashana, wai tsumma gidan ƙwayar cuta ne. Koren ribon da ke wuyan Monita yana cikin tokar.

Ta kutsa cikin gidan. Raguna ashirin da bakwai, awaki goma sha tara, ta ƙirga su da kanta daga baya. Dukansu shuɗaye ne, daga hanci har wutsiya, suna ɗigar da ruwa. Ga rabin duro a tsakar gida, ga Bobboyi a gefensa, hannu shuɗi har gwiwa.

Yadda aka kai nan, Gogo ce ta ba ta labari daga baya. Da farko kunne kawai ya ɗiga wa, don ya rage wa jami'ai aiki. Ragon farko ya girgiza kai, rini ya ɓata masa fuska. Bobboyi ya ce ba komai, ai tambarin zamani har fuska yake kaiwa, ya tsoma kan na biyu. Na uku ya yi tsalle ya faɗa duron gaba ɗaya. Maimakon ya ce kuskure ne, sai ya ce wannan shi ne cikakken rigakafi. Nan take masu na farko da na biyu suka tayar da rigima, wai don me za a ba wani cikakke su a ba su rabi, ko don ba su da kowa a gwamnati? Aka tsoma kowa.

“Malama, kin zo a kan gaɓa!” in ji Bobboyi. “Dubi tsari. Ko a Abuja ba a yi irin wannan ba.”

“Wanne ne nawa?”

Ya waiga. Ya nuna ɗaya, ya sauke hannu. Ya nuna wani.

“Ai... fari ne ko?”

“Fari ne da safe.”

Wannan tambaya ta Malama ita ta farkar da unguwa. Kowa ya shiga neman nasa. Akwai wani rago mai ƙiba da faɗin ƙirji a tsakiya, mutum goma sha ɗaya suka rantse nasu ne. Alhaji Suhaib ya rungume wuyansa.

“Wannan nawa ne, na san idonsa!”

“Alhaji, ji tsoron Allah,” in ji wata mata daga bayan ƙofa. “Naka da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga titi? Mai shagon hatsi, amma rago kamar ya yi azumin Tsofaffi.”

“Rini ne ya kumbura shi!”

Ana cikin haka sai ga Boaz a guje, siminti har gira. Magini ne, ɗan Michika, wanda ya iso Yola da ƙafa shekarar gudu, da matarsa da tunkiya ɗaya. Ɗan tunkiyar nan ne ragonsa.

“Dokta, ina rago na? Matana ya ce ka kwance shi a bayan gida!”

“Kwantar da hankalinka, yana ciki, an yi masa cikakke.”

“Ciki? Cikin waɗannan? Kai, ba shi da lafiya! Majina yake yi tun Juma'a. Likita ya ce in ɗaure shi shi kaɗai, ko kwanon ruwa kar ya haɗa da wani!”

Alhaji Suhaib ya ɗan sassauta rungumar, ya leƙa hancin ragon, ya sake ƙanƙamewa.

“Wannan ƙaramin abu ne a wurin likita,” in ji Bobboyi. “Ku yi shiru. Wanda ya yi atishawa, shi ne.”

Aka yi shiru. Dabbobin da aka tsoma a ruwan sanyi tun hantsi suka tsaya suna rawar ɗari. Ɗaya ya yi atishawa a dama. Kafin Bobboyi ya kai gare shi, biyu suka yi a hagu. Sai akuya. Sai gaba ɗaya gidan ya ɗauka kamar ana amsa waƙa.

“A buɗe ƙofa kowa ya ja nasa!” wani ya yi ihu.

Malama ta riga kowa isa ƙofar. Ta tsaya a tsakiya, jaka a hammata, ta ɗaga yatsa ɗaya. Rabin mazan da ke wurin sun taɓa durƙusawa a gaban yatsan nan.

“Ba mai fita da ko bunsuru. Ku kai ciwon gidajenku, ku raba wa sauran? Kowa ya tsaya inda yake.”

Suka tsaya. Awaki ne ba su tsaya ba. Uku suka hau kan buhun masarar Bobboyi, biyu suka cinye kuɓewar da matarsa ta shanya, ɗaya ta kama sirdin babur ɗinsa tana yagar soso. Matar ta leƙo ta taga.

“Dokta, in ka gama da su ka zo ka yi wa tukunya allura, don yau ba miya.”

Ya sunkuya zai kori wadda ke cin babur. Wani rago da ke riƙe da shi a zuciya tun safe ya ja da baya taku huɗu, ya auna, ya zo. Bobboyi ya tafi da ka cikin duro, ƙafafu a sama, silifa ɗaya ta tashi ta sauka a kan katanga. Boaz da Alhaji suka jawo shi. Farar riga ta koma shuɗiya, biro biyu suna iyo.

Daidai nan agogon Malama ya nuna ƙarfe biyu, mota ta tsaya a waje.

Likitar da ta shigo, Dokta Nahla, doguwa ce mai takalmin roba, da ma'aikata biyu ɗauke da akwatin allura. Ta dubi dabbobi, ta dubi duro, ta dubi shuɗin mutumin da ke tsaye yana sara mata.

“Barka da zuwa, abokiyar aiki! Komai a shirye yake.”

Ta ƙura masa ido.

“Ba kai ne mai buɗe mana get ba? Wanda ya taɓa kulle mu a ciki ya tafi ɗaurin aure?”

Wani ya fashe da dariya a bayan taro, dariyar ta zagaye gidan ta fita titi.

“Wa ya ce ku tara su?” in ji likitar. “Ba ku sami takardarmu ba?”

“Mun samu,” in ji Malama. “Tana bango. A ba ni buta.”

Aka miƙo mata. Ta fita zaure, taro na biye. Ta jiƙa takardar a hankali daga sama, ta jira koko ya saki, ta sa farce ta ɓamɓaro ta ba tare da ta yage ba, kamar mai cire hoto daga tsohon rajista. Ta juya ta. Rubutu ne cike har ƙasa, ga sa hannu, ga hatimi.

“Bobboyi. Zo nan. Karanta. Da ƙarfi, na baya ba sa ji.”

Ya karɓa.

“Na huɗu. Kowace dabba ta... ta zauna a gidan mai ita. An hana tara dabbobi wuri ɗaya.”

“Ci gaba.”

“Na biyar. Dabbar da ba ta da lafiya a ware ta. Na shida. Jami'i ne kaɗai zai sa tambari.” Ya ɗago kai. “Malama, rubutun nan ya jiƙe.”

“Idona bai jiƙe ba. Na bakwai.”

“Na bakwai. Inda aka sami dabbobi sun cakuɗe da mara lafiya, za a tsare su a wurin kwana ashirin da ɗaya. Ci da shansu yana kan... yana kan mai gidan.”

Matarsa ta rufe taga da ƙarfi.

Mutane suka shiga lissafi da yatsu. Sallah saura kwana ashirin da uku, kowa zai sami ragonsa da kwana biyu a gaba, in an gane shi. Malama kaɗai ce lissafin bai fitar ba. Asabar saura kwana uku.

“Likita,” ta ce, “ina da suna jibi-jibin nan. Shekara goma sha ɗaya muna jira. Shekara biyu ina kiwon ragon.”

“Mama, ba zai fita daga gidan nan da rai ba, doka ce. Amma in kin nuna mini shi, na auna shi yau, na sake aunawa ranar Asabar da safe. In lafiyarsa ƙalau, a yanka shi a nan ciki, nama ya fita, fata ta zauna. Sai dai wanne ne?”

Malama ta bari sai da ƙarfe huɗu ta kusa. Ta taka zuwa gida, gida uku ne tsakani, ta dawo da ƙararrawa. Ta duba agogo, ta ce saura minti shida, ba ta saba masa da cin abinci kafin lokaci ba. Unguwa guda ta tsaya tana jiran ƙarfe huɗu. Da ta cika, ta kaɗa sau uku.

Ragon nan mai ƙiba ya ɗaga kai. Ya taho, Alhaji Suhaib na maƙale a wuyansa yana jan ƙasa da gwiwa, har ya zo gaban Malama ya tsaya cak, ƙafafu a haɗe.

“Ka san idonsa, Alhaji?”

“Kama ce, Malama. Raguna suna kama.”

Ragon Boaz kuwa sai da aka auna zafin jikin raguna ashirin da shida kafin a same shi, Bobboyi ne mai ɗaga wutsiya. Aka ware shi a banɗakin baƙi, aka yi masa magani, ya warke.

Ranar Asabar Monita ya ci jarrabawa. Amma a duba irin sunan da aka yi wa jikar mace mai shekara talatin da biyar a bakin aiki. Liman sai da ya tsoma ƙafa a kwanon maganin kashe ƙwayar cuta kafin ya shiga yanka. Baƙi daga unguwannin Ajiya da Bako suka tsaya a titi suna leƙen katanga, awaki goma sha tara suna amsa addu'a. An raɗa wa yarinya Yusrah, suna mai kyau, amma har yau ba mai kiranta da shi. Daga masu shago har masu tallan nono, Mai Shuɗin Rago suke cewa. Wa zai cire mata wannan in ta girma?

Don haka Malama ta zauna ta rubuta wa Jauro takardar ƙara, da hannunta, ba gogewa ko ɗaya, ta aika wa Bobboyi kwafi. A shafin gaba, bayan gaisuwa, ta yi adalci kamar yadda ta saba a katin sakamako. Ta ce ta san shi tun yana yaro, ba a raba shi da himma, kuma a duk abin da aka sa gaba shi ke riga kowa gamawa. A bayan takardar ta jera buƙatunta uku: ya nemi gafarar unguwa a bakin masallaci ranar Juma'a, ya ajiye sunan Dokta, ya bi gida gida ya gaya wa mutane sunan jikarta na gaskiya.

Juma'a uku ta wuce, shiru. Da aka bincika, sai aka tarar ya dama koko. Takardar tana manne a bangon zaurensa, daidai inda ta farko ta zauna, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa.

“Karanta nan. Malama da kanta, wadda ba ta yabon kowa. Himma, ta ce. Riga kowa, ta ce.”

Jiya da hantsi an ga Malama Zulaihatu ta fito daga gida, tabarau a hanci, buta cike da ruwa a hannu, ta nufi zauren.